Baba da Shuɗiyar Waya

Babana mai gyaran wuta ne, kuma duk tsawon aikinsa abokin gabarsa ɗaya ne, wato wuta mai rauni. Wanda ya taɓa zama a unguwarmu ta Yara ya san irin wutar da nake nufi. Za a kawo ta da yamma a yi ta murna, sai ka ɗaga kai ka ga ƙwan lantarki ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa kamar an yi mata dole. Nan ne ake aikawa a kira Baba. Zai zo da tsani a kafaɗa, ya sauya layi, ya cire siririyar waya ya sa mai kauri. In fis ne ya ƙone, ba ya ɓata lokacin neman sabo, silin jan ƙarfe yake zarowa ya naɗa a wurin, ya ce wa mai gida ya kwanta ya yi barcinsa. A wurin Baba, wuta mai kyau ita ce wadda in ta ja ka sai ka yi salati ba shiri.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, ko yana fushi ko yana dariya. Ban ɗauko kamanninsa ba, amma zafin kansa na kwashe shi kaf, Inna ma takan ce da za a haɗa mu a ɗaki ɗaya a rufe, ba sai an hura murhu ba. Ranar da na ce lantarki zan karanta, sai da ya zaga unguwa yana ba mutane labari. Abin da bai sani ba shi ne, ɓangaren da na faɗa a ciki sana'ar rage wa wuta ƙarfi ce.

Aikin farko da aka sakar mini ni kaɗai, a wani sabon gidan cika tukunyar gas ne da ake ginawa a gefen hanyar Abuja, bayan an ɗan fita gari. Manyan tankuna ne farare a kwance a fili, ga famfo, ga rumfar da za a riƙa cika wa mutane tukwanensu. Can nesa da su kuma akwai wani ɗan ɗaki, inda allon da ke lura da komai yake. A jikin kowane tanki akwai na'urar da ke auna yawan gas ɗin da ke ciki, sai ta aika labari ta waya zuwa ɗakin. To matsalar ita ce, wayar nan wuta ce ke bin ta, filin kuma wuri ne da kowane lokaci gas zai iya yoyo ya gauraya da iska. In waya ta tsinke, ko ta gogi ƙarfe ta yi tartsatsi, magana ta ƙare.

Shi ya sa kafin kowace waya ta fita daga ɗakin, sai ta bi ta cikin wata 'yar na'ura da ba ta wuce sandar sabulun wanki ba. Bariya muke ce mata. Tana raba wutar ɗaki da ta fili, ta yadda ko janareta ya haukace ya turo wuta fiye da kima, abin ba zai tsallaka waje ba. Ɗan abin da take bari ya wuce kuwa, ta auna shi ƙwarai. Ya isa ya kai saƙo ya dawo, amma bai isa ya tayar da gobara ba, ko da gangan aka haɗa wayoyin. Duk wayar da ta fito daga bayanta shuɗiya ce, don kowa ya gane ba a haɗa ta da komai.

Na yi wa Baba wannan bayanin wata rana muna cin tuwo, ina ta zumuɗi, har da zane a ƙasa da tsinken tsintsiya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye lomar da ya ɗauko.

"Uwata, wato duk karatun nan da kika yi, rowa aka koya miki?"

"Ba rowa ba ce, Baba, awo ne."

"Abin da zai ga wuta ta zo da ƙarfinta ya tsaya ya tsakura miki, ai marowaci ne."

Daga ranar bai ƙara ce mata bariya ba. Marowaciya ta zama sunanta a gidanmu.

A lokacin aiki ya fara guje wa Baba. Ba wanda ya kore shi, kiran ne dai ya ragu. Matasa sun fito da sola da 'yan mitoci masu nuna lamba, gidajen ɗalibai da na ma'aikatan da ke sammakon zuwa Abuja duk su ake kira. Hannunsa kuma ya fara ɗan rawa, in ya ɗaga kofin shayi sai ka ji cokali yana kaɗawa a ciki. Duk da haka kullum sai ya yi wanka ya sa rigar aiki, ya soka testarsa ta gwada wuta a aljihun gaba, ya zauna a benci a ƙofar gida. Duk mashin ɗin da ya rage gudu sai ya miƙa wuya. In rana ta take ba wanda ya zo, sai ya shigo gida ya kama kwance abin da yake lafiya lau. Ya kwance dutsen guga, ya kwance rediyo, ya kai har kan injin markaɗen Inna.

Ranar injin markaɗen ne Inna ta ja ni gefe.

"Don girman Allah ki tafi da ubanki wurin aikin nan naki. Ko lanƙwasasshiyar ƙusa ce ki ba shi ya miƙe. In ya ƙara zama a gidan nan, ni zai kwance."

Na yi dariya, ita ma ta yi, amma idonta bai yi dariyar ba. Ni ma abin yana damuna. Ba na son ganin mutumin da ya saba a tsaya ana jiransa, ya koma shi ne mai jira. Abin da nake nema masa bai wuce wurin da za a ce ana bukatarsa ba, kuma ya zama da gaske ake bukatar tasa, don Baba yana gane tausayi tun daga nesa.

Ranar farko da na tafi da shi, tun a ƙofar shiga aka fara. Gas bai riga ya iso ba, amma mun kafa doka don mutane su saba: ba a shiga fili da ashana, ko wayar hannu, ko wani abin da zai iya tartsatsi. Mai gadi ya karɓi wayata, sannan ya miƙa hannu wajen aljihun Baba.

"Me?" in ji Baba.

"Testar, Baba."

"Kai, testar nan ta girme ka."

Da ƙyar muka daidaita a kan zai riƙa ajiye ta a ɗakin allo, inda ba ta da laifi. Da muka shiga na nuna masa jerin marowatan nan a cikin akwatin ƙarfe, kowace da 'yar koriyar fitila tana ci. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya kama bakin wata shuɗiyar waya da ban riga na ɗaure ba, ya taɓa ta da bayan yatsa. Ya lashi yatsan ya sake taɓawa. Sai ya ɗago ya dube ni da irin fuskar da ake gaishe da majinyaci.

"Uwata, wayar nan ba ta da lafiya."

Na roƙi mai wurin ya ba shi aikin wutar ofis da ta ɗakin gadi, can nesa da tankuna. Mai wurin tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ɗan ƙabilar Eggon, mai fara'a, Oga muke ce masa. Bai yi musu ba. Baba ya ja wayar fitilu da fankoki, ya haɗa injin rijiyar burtsatse, kuma wallahi aikin ya yi kyau, wayoyinsa a miƙe sambal kamar an ja da zare. Ya yi aboki da mai waldanmu, wani dattijo ɗan ƙabilar Mada da ba ya aiki sai da waƙar coci a bakinsa, wanda kowa "kai" yake ce masa, har ni. Da rana sukan fita bayan katanga su zauna a gindin mangwaro, wata Bafulatana daga rugagen wajen Jigwada ta dama musu fura da nono, su yi ta gardama a kan wanda sana'arsa ta fi haɗari. Baba ya koma cin abinci har da neman ƙari. Kayan Inna suka samu lafiya. Ni kuwa in na hango hularsa tana kai da komo a tagar ofis, sai in ji daɗi ya cika ni har in rasa abin da na zo ɗauka.

Ana gobe tankar gas ta farko za ta zo, marowaciyar babban tanki ta mutu. Fitilarta ta ɗauke, lamba ta ɓace daga allo, ƙararrawa ta kama kuka. Irin waɗannan ba a buɗe su a gyara, a liƙe suke, in sun mutu sai dai sabuwa. Na kashe ƙararrawar, na ce kowa ya ci gaba da aikinsa, na hau mota zuwa Abuja. Cunkoson Mararaba ya riƙe ni a tafiya, ya sake riƙe ni a dawowa. Ban iso ba sai bayan la'asar, da sababbi guda biyu a jaka, kaina yana sarawa.

Tun daga ƙofa na jiyo shewa. Na tarar da ɗakin allo cike da mutane, kowa da kwalbar lemo a hannu, Oga ne ya saya. Lamba ta dawo a allo. Baba yana zaune a kan kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ya tura hula ƙeya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Rabon da in ga fuskarsa haka har na manta.

"Injiniya, kai ka sha wahalan banza," in ji mai walda. "Baba ya gyara tun ɗazu! Mun tafa masa har hannu ya yi zafi."

Na kutsa ta cikin mutanen. Na buɗe akwatin. Matacciyar marowaciyar tana nan a wurinta, amma an zagaye ta. Silin jan ƙarfe ne aka murɗa, aka ɗauko wutar ɗaki da ƙarfinta aka miƙa ta kai tsaye cikin shuɗiyar wayar da ta tafi babban tanki. Murɗin ya yi kyau ƙwarai, ba ko sili ɗaya da ya leƙo. Na san hannun, da shi aka haɗa duk wayar gidanmu.

Na ce akwai gwajin da zan yi, na kashe wutar akwatin, na roƙi kowa ya ba ni wuri. Suka fita da kwalabensu suna ta raha. Baba bai motsa ba. Na tura ƙofa.

"Baba, wannan sai na cire shi."

"Ba ya aiki ne?"

"Yana aiki."

"To?"

"Gobe gas zai shiga tankin can. Wayar nan da kuka haɗa, in ta gogi ƙarfe a can, ba mu ba, har masu wucewa a titi sai sun ji a jikinsu."

Ya sauke ƙafarsa.

"Tun ba a haife ki ba nake naɗa jan ƙarfe a garin nan. Gida nawa na ƙona?"

"Ko ɗaya. Amma ba a taɓa ajiye muku tankin gas a tsakar gidan ba."

"Mutane sun gani da idonsu ya tashi, Uwata."

Wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo, don na gane ba aikin yake karewa ba, tafin da aka yi masa ne. Na so ƙwarai in bar masa shi ko zuwa safe. Amma na san kaina, kuma na san gas. Na ɗauki filaya na datse jan ƙarfen. Ƙarar ba ta kai ta karya tsinke ba, amma sai da na ji ta a haƙorina.

Baba ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ɗauki testarsa a kan tebur. Ya wuce ta tsakiyar mutane, ya tari mashin a bakin titi. Na ce wa Oga akwai sauran aiki, sai da safe, tunda tankar sai bayan azahar za ta iso. Mai walda ya dube ni, ya dubi titi, ya daina waƙarsa.

A gida Baba bai fito cin tuwo ba. Inna ta tare ni a bakin madafa.

"Me kika yi wa ɗan naki?"

Na ba ta labari. Ta ci gaba da juya miya.

"Gaskiyarki ce," ta ce. "Amma gobe in ya koma bencin nan, ban san mai tayar da shi ba."

Da gari ya waye, wata ƙara ce ta fito da ni, ƙarat ƙarat, daga bayan gida wajen rijiya. Na ga jakata a buɗe, marowaciya ɗaya ba ta ciki. Na zagaya. Baba ne a tsugune, da gilashin Inna a hancinsa, don nasa ba ya karanta ƙananan rubutu. Ya bi zanen da ke jikin na'urar ya haɗa ta da baturan mashin, kuma daidai ya haɗa. A gabansa ga gwangwanin madara da 'yar auduga a ciki, ga magagari a kan bakin gwangwanin, ga bokitin yashi a gefe. Yana goga bakin wayar da ta fito daga marowaciyar a kan magagarin. Na shaƙi iska.

"Baba, fetur ne fa!"

"Ɗigo ne. Matsa baya."

Bai ko dube ni ba. Ya goga a hankali, ba abin da ya faru. Ya goga da sauri. Ya sauya waya ya sa mai kauri, ya kankare bakinta da wuƙa, ya haɗa biyun ya raba, ya sake haɗawa. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

"Fito mana, 'yar rowa," yake ce mata ƙasa ƙasa. "Ɗan kaɗan nake nema."

Ta hana. Na tsaya a bayansa da bokitin yashin a hannu, rabina tsoro, rabina dariya tana cina. Na san taurin kan Baba, ban dai taɓa ganin ya gamu da abin da ya kai shi ba. Can ya yi tsaki, ya cire wayoyin daga jikinta, ya ɗauko su kai tsaye daga batir, kamar yadda ya yi jiya. Ya kai kan magagarin ke nan.

Fuf!

Harshen wuta ya tashi ya lashi gefen gemunsa. Hula ta faɗi, kaji suka watse, ni kuma na juye yashin gaba ɗaya, rabi a gwangwani rabi a ƙafarsa. Inna ta fito a guje da ludayi a hannu tana salati. Bayan gida ya ɗauki ƙauri kamar ana babbakar kan rago.

Baba ya zauna daɓas a ƙasa. Ya shafa gemunsa, ya dubi tafin hannunsa. Sai ya fashe da dariya, irin wadda take fitowa tun daga ciki, har tari ya sarƙe shi.

"Uwata! Kin gani? Kin gani kuwa? Duk yadda na yi da ita ta hana! Ina cire ta, sai ga shi!"

"Na gani, Baba."

"A'a, ba ki gani da kyau ba. Zo in nuna miki yadda take yi."

Ya kama yi mini bayanin bariya, ni, da hannu da ƙafa, kamar shi ya ƙirƙiro ta da asubar nan. Na tsuguna ina gyaɗa kai, ina cewa ashe, ashe. Ban taɓa jin daɗin a koya mini abin da na sani ba kamar ranar. Ya ɗauki na'urar ya hure mata yashi, ya juya ta a hannunsa.

"Wanda ya ƙera wannan ya san wuta," ya ce.

"Ni kuma na san wanda zai saya mini sabon gilashi," in ji Inna, ta zare shi daga hancinsa. Ta ɗauko almakashi ta daidaita masa gemun, tana yi tana faɗa, shi kuma yana ta murmushi kamar yabonsa take.

Ban tambaye shi ko zai koma ba. Ina fitowa na tarar ya riga ni bakin titi, da rigar aiki.

Muna isa ya sa mai gadi ya kira kowa ɗakin allo, har da Oga. Na tsaya a bayan ƙofa, ban san abin da zai yi ba. Ya tsaya a gaban akwatin ya goya hannu a baya.

"Jiya kun tafa mini," ya ce. "To kowa ya zo ya karɓi tafinsa."

Aka yi dariya, ba a gane ba tukuna. Ya juya musu gefen gemunsa da ya rage tsawo, ya ba su labarin gwangwanin madara tun daga farko, ya ƙara gishiri yadda ya ga dama, har wutar ta kusa kai rufin gida. Mai walda ya riƙe ciki yana kiran Yesu. Da dariya ta lafa, Baba ya nuna shuɗiyar wayar da yatsa.

"Ɗigon fetur ke nan. Ku dubi tankin can, ku auna. Kuma ku ji da kyau, duk mai gyaran wutar da ke garin nan, in kuka kira shi ya ga wannan ta mutu, abin da na yi jiya shi zai yi. Na sani, don ni na koya wa rabinsu."

Fara'ar Oga ta ragu. Ya dubi akwatin, ya dube ni.

"Injiniya, in kin gama aikinki kin tafi, wa zai hana su?"

Kafin in buɗe baki ya juya wajen Baba.

"Baba, ko za ka riƙa zama mana a ɗakin nan? Ka san duk dabararsu. In abu ya mutu ka kashe, ka kira ta, kar ka bar kowa ya sa hannu."

Baba ya shafa abin da ya rage na gemunsa, ya dubi rufi.

"To, sai na duba. Ka san ayyuka sun yi mini yawa a gari."

Na ciji leɓena don kar dariya ta tona mu. Sai na ciro ɗaya sabuwar daga jaka, wadda bai taɓa ba, na miƙa masa tare da sukudirebata. Na cire matacciyar na ba shi wuri. Ya sa ta a gurbinta, ya fara ɗaura wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Bakin sukudirebar yana ta zamewa daga kan noti saboda rawar hannu, yana mayarwa, bai yi gaggawa ba. Da ya gama ya ja da baya.

"Zo ki duba."

A aikinmu, duba yana nufin ka ja kowace waya da yatsa ka ji ko ta kamu. Na ja ta farko, tana nan daram. Na bi su a jere, duk lafiya. Da na zo kan shuɗiyar ƙarshe, ina ja sai ta biyo hannuna.

Na yi maza na karkata kafaɗa na kare ta. Nufina in mayar in ɗaure kafin kowa ya lura.

"Kar ki ɓoye," in ji Baba daga bayana. "Ɗaga su gani."

Na ɗaga. Baba ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya dunƙule, ya sake buɗewa, yana kallonsa.

"Hannun ne," ya ce. "Na murɗa iyakar ƙarfina."

Na ji tsoro sosai a lokacin, don na ɗauka Oga zai fara kame kame ya janye maganarsa, ko kuma Baba da kansa ya ɗauki hularsa ya tafi. Sai Baba ya juya ya fuskanci Oga.

"Ka dai gani da idonka. Ɗauri ba nawa ba ne yanzu, nata ne. Amma in hana a taɓa, wannan ko an tashe ni daga barci zan iya."

Oga ya matso kusa da shi. Ya zaro tarin makullansa daga aljihu, ya ɓalle na ɗakin, ya kama hannun nan mai rawa ya sa masa a ciki, ya dunƙule masa yatsun da nasa hannuwan biyu. Mai walda ya fara tafi, ya tsaya ya dubi Baba.

"Wannan tafin za a mayar mana, ko ka riƙe?"

"Wannan na riƙe," in ji Baba.

Ya ɗauki tocila a kan tebur ya haska mini cikin akwatin. Hasken yana ɗan rawa, idona kuma ya cika da ruwa, sai da laluben yatsa na samu kan notin. Na ɗaure, na ja, ta kamu. Na kunna wuta. Koriyar fitila ta kama, lamba ta fito a allo, na gwada layin tun daga ɗaki har tanki, komai daidai. Ina rufe akwatin muka jiyo hon ɗin tanka a bakin ƙofa, ta riga lokacinta, mutane suka yi waje da gudu. Ni na tsaya ina tattara kayan aikina a hankali, don ban gaji da tsayuwa kusa da shi ba.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, makulli a hannu, yana kaɗa shi.

"Kin gama?"

"Na gama, Baba."

"To fito, zan rufe ɗakina."